Ranar da Na Zama Dillalin Zane

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, dillalin riguna ne a tsohuwar kasuwar Minna, tun kafin a yi mafarkin gina Kasuwar Kure. Tun ina ɗan shekara 9 nake bin sa rumfa a ranakun da babu makaranta, ina riƙe masa buta da buzu, ina kallon yadda ake kawo masa manyan riguna daga Bida da Zariya da Kano domin ya yi musu kuɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da aikinsa shi ne, duk rigar da aka miƙa masa ba ya fara duban gabanta. Sai ya juya ta ciki waje, ya bi bayan aikin da ɗan yatsa, ya ɗaga ta saitin rana, wani lokaci ma har ya shinshina ta. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce gaban riga na mai saye ne, bayanta kuwa na dillali, domin a nan ne maɗinki ba ya iya ɓoye halinsa. Sai ya gama wannan duka sannan ya tambayi hannun da ta fito da wanda ya taɓa sanya ta, daga nan ya faɗi kuɗi. In kuwa ya faɗa, da wuya a ji wani ya musa.

Ban gaji wannan sana'a ba. Boko ya ɗauke ni, na ƙare ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a nan Minna, har na ɗauka ni da dillanci mun yi hannun riga. Ashe da sauran rina a kaba. A cikin daminar 2024, wata ranar Asabar bayan la'asar, ɗan ƙanwata marigayiya ya yi sallama a gidana da ke Limawa, shi da wani abokinsa, suna ɗauke da wani abu mai faɗi da aka naɗe cikin tsohon bargo. Yaron yana shekarar ƙarshe a sashen zane-zane na wata babbar makaranta. Suka jingine kayan a bangon zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, wani aiki na kawo ka yi mini kuɗinsa. Akwai wani Alhaji a Abuja da ya ga hotonsa a waya, yana so ya saya, ni kuwa ban san abin da zan ce masa ba. Inna ta sha gaya mini kai ne ka zauna da Kaka a rumfa."

Da aka yaye bargon, sai na ga abin da ban san sunan da zan kira shi da shi ba. Allon katako ne mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 3, an shafe shi da jar ƙasa irin wadda ake yaɓe da ita. Daga sama an jera marafan kwanonin kwalla guda 7, duk sun ɗaɗɗaye, an ɗaure su da waya. A gefen dama akwai guntayen atamfa an liƙa wani kan wani, a ƙasa gutsuren tabarmar kaba da rabin faifai, sa'annan ga wasu takardu da aka manna aka bi kansu da fenti baƙi da shuɗi. A tsakiya kuwa an bar wani fili fari fat, mai kusurwa huɗu, babu komai a cikinsa. Babu surar mutum, babu ta dabba. Masana suna kiran irin wannan aiki zanen gauraye, wato wanda ake haɗa fenti da ƙyalle da takarda da ƙasa da ƙarfe da duk abin da mai zane ya ga dama a fuska ɗaya. Ni dai a wannan rana haɗin gambiza na kira shi a zuciyata.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke bayan wannan ciniki. Ana bin yaron sauran kuɗin makaranta da na kayan aikin kammalawa, abin da ya tasar wa Naira 150,000. Mahaifinsa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, tun farko bai so wannan karatu ba, ya fi son yaron ya zauna masa a shagon da ya buɗe. Sau da yawa na ji yana cewa ya tura ɗa makaranta ya koyo ilimi, ya dawo masa da kwashe-kwashen shara. A wannan karon ya yanke hukunci: idan tarkacen nan ba za su iya biyan kuɗin makarantarsu ba, to, a haƙura haka nan. Shi kuwa Alhajin Abuja ya yi tayin Naira 40,000.

Na ɗauko takarda da biro, na shiga lissafi irin na malamin makaranta. Na tambayi kuɗin katako, da na gam, da na fenti, da na waya da ƙusoshi, duka suka tashi Naira 18,000. Tsummoki da marafan kwanoni ban sa musu ko kwabo ba, tunda ba saye aka yi ba. Na dubi yaron na ce, "Ɗana, ai wannan riba ce fiye da ninki. Ka sallama masa tun bai sake shawara ba." Ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce uffan ba, daga bisani ya ce, "To, Kawu." Ya roƙe ni in bar aikin ya kwana biyu a wurina saboda ɗakinsa yana yoyo, suka yi sallama suka tafi.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Wannan "to" da ya faɗa ta yi ta kai-komo a kunnena, domin irinta ce mutum kan faɗa idan ya kai kuka inda yake sa ran samun sauƙi, aka ƙara masa nauyi. Can sai na tuna, a duk shekarun da na yi a rumfa, ban taɓa jin mahaifina ya tambayi kuɗin zaren da aka yi wa riga aiki da shi ba. Riga mai aska takwas, in za a warware zarenta a auna, ba zai sayi hular da za a sanya ta da ita ba. Abin da ake biya a jikinta shi ne watannin da maɗinki ya yi a duƙe, da idon da ya san inda kowane ɗinki zai faɗa, da sunan da ya yi a tsakanin masu sanya riga. Ni kuwa ɗan dillali na zauna ina ƙidayar ƙusoshi. Da gari ya waye na aika wa yaron cewa kada ya ba Alhaji amsa tukuna, ya ce masa Kawu yana shawara.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, don haka na duƙufa karatu da tambaya. Abu na farko da na gano shi ne, abin da na kira haɗin gambiza tsohuwar hanya ce mai asali. Tun a 1912 Pablo Picasso da Georges Braque suka fara manna takarda da ƙyalle a jikin zanensu a Faransa. A nan gida kuwa, a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce dole ne dabarun da Turawa ke koya musu su haɗu da abin da suka gada a gidajensu. A shekarun 1960 Jimoh Buraimoh na Oshogbo ya shiga yin zane da duwatsun ado irin na rawanin sarakunan Yarabawa. El Anatsui, mutumin Gana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, ya shahara da ɗinke dubban marafan kwalabe da wayar tagulla su zama kamar ƙaton mayafi, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin zane-zane na birnin Banis da ke Italiya a 2015. Ashe marafan kwanonin da na raina suna da 'yan uwa a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya.

Abu na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan ne kaina ya kusa juyawa. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, wadda aka haifa a Inugu a 1983, tana haɗa fenti da ƙyalle da hotunan mujallu da na iyali a kan takarda. A 2018 an sayar da wani aikinta mai suna Bush Babies a gidan gwanjon Sotheby's da ke Amurka a kan kusan dala miliyan 3.4. A Legas ma akwai kasuwar: kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjon zane a 2008, an kuma fara baje kolin Art X Lagos a 2016. Na karanta wannan na dubi allon da ke jingine a zaurena, sai shaiɗan ya fara raya mini cewa ƙila miliyoyi ne ke kwana a gidana.

Labarin wani matashi ɗan Gana mai suna Amoako Boafo ne ya dawo da ni cikin hayyacina. A 2019 wani mai saye ya karɓi wani zanensa a kan dala 22,500. A watan Fabrairun 2020 aka kai zanen nan gwanjon Phillips a Landan, aka sayar da shi fam 675,000. Zanen bai ƙara inci ɗaya ba a cikin waɗannan watanni, fentinsa ma bai canja ba. Sunan mai shi ne ya tashi, masu kuɗi suka yi ca a kansa, ribar kuwa ta faɗa aljihun wanda ya saya da araha. Daga nan na fahimci abu biyu. Na ɗaya, kuɗin da ake ji a gwanjo kuɗin suna ne da rububi, kuma ɗalibin da bai taɓa baje kolin aikinsa ba ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka auna aikinsa da na Landan cinikin biri a sama ne. Na biyu, matashin mai zane shi ne ya fi kowa saurin cutuwa, domin a lokacin da yake cikin matsi ne ake sayen mafi kyawun aikinsa.

Ban ma buƙaci zuwa Landan ba domin in ga haka, misalin yana cikin aljihuna. Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tukwane a ƙauyensu kamar sauran mata. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga bambancin hannunta da na saura, ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau. Tukwanenta suka zaga Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a nan Minna a 1984. Yumɓun da ta yi aiki da shi bai fi na matan Tatiko tsada ba. Haka ma Masaga na Bida, waɗanda ke narka fasassun kwalabe su fitar da duwatsun wuya da awarwaro, sana'ar da ke cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta sanya Bida a jerin biranen fasahar hannu a 2021. A Jihar Neja, mayar da abin da aka yar ya zama abin ado ba baƙon abu ba ne. Abin da tukwanen Ladi suka samu, wanda na wasu mata da yawa ba su samu ba, shi ne wanda ya tsaya ya duba da kyau tun kafin duniya ta sani.

To, amma karatu bai gaya mini abin da zan ce wa Alhaji ba. Wani abokin aikina ya kwatanta mini gidan wani dattijo a Bosso, tsohon malamin zane da ya yi karatu a Zariya, ya koyar shekaru da dama kafin ya yi ritaya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Na ɗauki yaron da allon a Keke Napep muka tafi. Dattijon ya sa aka jingine aikin a inuwar mangwaro, ya ja kujera ya zauna, ya yi shiru yana kallo har na fara jin kunyar zaman. Can sai ya ce, "Ɗan nan, juya mini shi in ga bayansa."

Gabana ya faɗi. Kwana 9 allon nan ya yi a zaurena, ni ɗan mai juya riga, ban taɓa juya shi ba. A bayan, daga kusurwar ƙasa, an rubuta da gawayi: Ɗakin Inna.

Na dawo gaban allon kamar wanda aka tasa daga barci. Marafan nan 7 jeren ƙanwata ne, wanda mahaifiyarmu ta tara mata tun tana budurwa. Jar ƙasar ta bangon ɗakinta ce. Farin filin da ke tsakiya daidai inda gadonta yake ne, kafin a fitar da shi bayan rasuwarta. Na matsa kusa da takardun da aka bi da fenti, sai na ga katunan asibiti ne da rasiɗan magani, an shafe sunanta an bar kwanan wata. A jikin ɗaya daga ciki na ga rubutun hannuna, sunayen magunguna 3 da na kwafa a tsaye a wani dare da likita ya ce a nemo su kafin asuba. Waɗannan su ne tsummokin da ban sa wa ko kwabo ba. Na koma gefe na share idona da hannun riga, dattijon kuwa ya yi kamar bai gani ba.

Na zaci zai shiga yabo, sai na ji ya fara da laifi. Ya ƙwanƙwasa katakon ya ce mai araha ne, zai kumbura ya bubbuɗe in ya sha damshin damina biyu. Ya sa farce ya ɗaga bakin wata takarda, ya tambayi yaron da me ya manna ta. Yaron ya ce gam ya ƙare masa, ya ƙarasa da sitacin rogo. Dattijon ya girgiza kai, ya ce ai ya dafa wa kyankyaso da gara tuwo ke nan. Ya nuna inda tsatsar murfin kwano ta fara cin atamfa, ya ce ƙarfen da ba a shafa wa abin kariya ba haka zai yi ta zubar da hawaye a kan ƙyalle. Ya ce jar ƙasar da aka kwaɓa da ƙaro kaɗai za ta saki in ta ji danshi, ta tsattsage in hunturu ya busa, takardar rasiɗi kuwa rubutunta kan gudu in ta sha haske. "Mai zane da fenti zalla abokin gaba ɗaya gare shi," in ji shi. "Kai da ka tara abu 6 a wuri ɗaya, kowanne da ranar mutuwarsa. Wanda zai ba ka kuɗinsa yana da haƙƙin ya san abin zai kai wa jikokinsa."

Sai da ya gama wannan sannan ya faɗi abin da ya gani na kirki. Ya ce yara da yawa suna kawo masa irin wannan aiki, sun ga hoton El Anatsui a waya, sun je bola sun kwaso marafai sun liƙa, in ka tambaye su dalilin sa wannan a nan, sai su ce ya yi kyau ne. Hanyar gwajinsa ita ce ya rufe abu ɗaya da tafin hannu ya ga ko aikin zai yi kewarsa. Ya tashi ya rufe rabin faifan, ya ce mu duba, nan take ƙasan allon ya yi nauyi gefe guda. Ya rufe farin filin da hularsa, sai duk abin ya koma tarkace. Ya ce yaron da ya san ya bar wuri mafi muhimmanci babu komai, ya fara sanin aiki. Daga nan ya nemi ganin sauran ayyukansa a waya, domin a cewarsa da aiki ɗaya ba a gane mai zane, ko makaho ya taɓa jifa ya samu. Ya duba guda 11, ya ware 4 ya ce waɗannan hannu ɗaya ne ya yi su, sauran kuwa kwaikwayon malamai ne.

Game da kuɗi, bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce a lissafa kayan aiki, a lissafa kwanakin da aka yi a kan ladan da ƙwararren mai aikin hannu ke samu a gari, wannan shi ne ƙasan da ba a sauka daga kansa. Sa'annan a dubi abin da tsararrakinsa masu irin matsayinsa ke sayar da aiki mai irin wannan girma a Abuja da Kaduna, a tsaya kusa da su, ƙaramin aiki da ƙaramin kuɗi, babba da babba, kada a yi wa wannan farashi ɗaya a yi wa wancan wani don an ga motarsa. Ya gargaɗe shi da kada ya fara da tsada, domin mai zanen da ya hau ya sauko ya zubar da amanar waɗanda suka saya da farko. Ya ce kowane aiki ya fita da takarda mai ɗauke da sunansa da shekara da girma da kayan da aka yi shi da su da sa hannu, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan wanda ya saya a littafi. Ya ƙara da cewa dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba mai zane rabo idan aka sake sayar da aikinsa ta gwanjo ko ta hannun dillali, amma wanda bai ajiye shaida ba, da me zai nemi rabon? A kan wannan ma'auni ya ce Ɗakin Inna, in an gyara shi, bai kamata ya fita ƙasa da Naira 120,000 ba. Sai ya dubi yaron ya ce, "Wannan kuɗinsa ke nan. Ko na sayarwa ne, wannan kai za ka faɗa."

A hanyarmu ta komawa na lura cewa duk abin da dattijon nan ya yi, babu wanda mahaifina bai yi wa riga ba: ya duba baya, ya gwada ƙarko, ya nemi sanin hannu, ya kwatanta da na kasuwa. Bambancin kawai shi ne, riga tana da kasuwa da dillalai da masu sanyawa da suka san ta tun kaka da kakanni, zanen gauraye kuwa a garinmu maraya ne. Inda babu kasuwa, duk wanda aka fara nuna wa aiki shi ne kasuwar, ko malami ne, ko kawu, ko uba. Kalmar da ya faɗa ita ce farashin farko, kuma sau da yawa ita ke yanke ko yaro zai ci gaba ko zai ajiye buroshi. Ni na riƙe wannan amana na kwana ɗaya, na kusa sayar da ita Naira 40,000.

Yaron ya yi mako 2 yana gyara. Ya ɗaga takardun ya sake manna su da farin gam na kafintoci, ya kankare tsatsa ya shafe bayan marafan, ya bi jar ƙasar da abin da zai riƙe ta, ya sa kafinta ya ƙarfafa allon da firem. Ranar da Alhaji ya biyo ta Minna, a zaurena aka yi zaman. Mutum ne mai fara'a, ya kuma san abin da yake so. Muka nuna masa Ɗakin Inna da wasu ƙanana 2 daga cikin 4 da dattijo ya ware. Ya ce yana nan a kan tayinsa na 40,000. Na ji bakina ya furta kalmar da na yi shekara 40 ban faɗa a ciniki ba: "Albarka, ranka ya daɗe." Ya yi dariya ya ce tsumma ne fa da murfin kwano. Na ce haka ne, rigar da ke jikinsa ma zare ce. Ya ƙara zuwa 70,000, na ce albarka. Ya kai 100,000, ya ce daga nan ba zai motsa ba. Na waiwayi yaron, domin dillali ba ya sallama kayan da ba nasa ba.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri," in ji shi, muryarsa na rawa. "Wannan ba zan iya sayarwa ba. Ga waɗannan biyun."

Ran Alhaji bai so ba, ya ce an ɓata masa lokaci. Daga bisani ya ɗauki ƙananan 2 a kan Naira 45,000 kowanne, ya karɓi takardunsu yana murmushin mamaki, ya ce bai taɓa sayen zane a hannun ɗalibi an ba shi takarda ba. Bai sake dawowa ba. Kuɗin ba su kai abin da ake bin yaron ba, ni na cika sauran daga albashina, na ɗauke shi a matsayin tarar lissafin da na yi a ranar farko. La'ada kuwa ban karɓa ba, ko da yake ya matsa.

Saura mahaifinsa. Na sa aka kai masa allon gida, na bi baya da kuɗin a ambulan. Ya ƙirga, ya ce, "Yaya, wai da gaske tarkacen nan aka ba wa wannan kuɗi?" Na ce ƙannensu aka ba, wannan babban an taya 100,000 mai shi ya hana. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan guntayen atamfar. Ya matsa, ya kai hannu ya taɓa wata shuɗiya mai zanen ganye, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba, ita ce ta saman akwati a lefen da ya kai gidanmu, a Kaduna ya sayo ta da albashinsa na wata guda. Bai ƙara cewa komai ba, mu ma ba mu ce ba. Washegari ya aika aka kira kafinta ya kafa ƙusa a bangon ɗakinsa, can nesa da taga, inda rana ba ta kaiwa.

Yaron ya kammala karatunsa. Yana zama a shagon mahaifinsa da safe, da yamma yana aiki a wani ɗaki da ya gyara rufinsa, littafinsa na masu saye kuma ya shiga shafi na biyu. Ba na cewa zai zama El Anatsui, wannan sanin na Allah ne. Kirana dai ga 'yan uwana malamai da ɗalibai, musamman mu da muke nazarin harshe da al'ada, muke rubuta dogayen maƙalu a kan zanen gidajen Zariya da zayyanar allo da sassaƙar ƙwarya, shi ne mu riƙa leƙa sashen zane-zane da ke maƙwabtaka da mu a ranar da ɗalibai ke baje ayyukansu. Mu tsaya mu duba, mu yi tambaya, mai hali ya saya da kuɗin da ya dace, ya kuma nemi takarda. Masu iya magana sun ce wanda ya san darajar goro shi ke yayyafa masa ruwa. In kuwa wani yaro ya kawo maka aikinsa ya ce ka yi masa kuɗi, kada ka yi gaggawar ɗauko biro kamar yadda na yi. Ka fara juya shi tukuna.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a hannun 'ya'yanmu, amin.